Baturen da ya zo Suleja neman yumɓu

A makarantun zane na Ingila al'ada ce a tsayar da namiji tsirara, ɗalibai su yi ta zana ƙirar jikinsa. A Sabon Wuse ko Suleja, wa zai yarda ya tsaya? Kunyarmu ba ta ɗaukar wannan, kuma ban ga asarar da muka yi ba.

Michael Cardew, Baturen Ingila da ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Sulejar yau, a farkon shekarun 1950, yumɓu ya zo nema, ba mai tsayawa tsirara ba. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya, Ladi Kwali. Ta shiga makarantar a 1954. Ƙadangare take zanawa a jikin tulu, da kunama, da kifi, da kada, kuma da wannan zanen aka san ta har Landan. Ɗauko naira ashirin ka juya bayanta, ita ce zaune tana gini.

Hukumomin Tafa da Suleja, ku kai 'yan makaranta su ga wurin da ta yi aiki.