Bugun Jinin Da Ke Ɓuya: Jawabi Ga Ɗaliban Aikin Jinya



Maganarmu ta yau a kan wani awo ce wanda ba ya bukatar lantarki, sai ma'aunin jini na hannu, da abin sauraren ƙirji, da haƙuri. A shekarar 1873 wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya bayyana wasu majinyata waɗanda in sun ja numfashi bugun jininsu a wuyan hannu yakan ɓace, alhali kuwa zuciya tana nan tana bugawa. Wannan shi ne likitoci suke kira pulsus paradoxus.

Ko mai lafiya, in ya shaƙi iska, adadin sama na awon jininsa yakan ɗan sauka, amma ba ya wuce milimita 10. In ya zarce haka, to akwai magana. Mafi haɗari shi ne ruwa ya taru cikin jakar da ta lulluɓe zuciya har ya matse ta. Da an ja numfashi sai ɓangaren dama ya cika da jini, ya rasa wurin buɗewa, ya danne na hagu, jinin da ke fita zuwa jiki ya ragu. A ƙasashenmu na Afirka tarin fuka ne kan gaba wajen tara wannan ruwa. Asma mai tsanani ita ma takan nuna alamar.

To, yaya za mu auna? Mu bar majinyaci ya yi numfashinsa yadda ya saba. Kada mu ce ya ja da ƙarfi, domin wannan yakan ɓata lissafi. Mu ɗaura masa ma'aunin a damtse, mu hura har sauti ya ɗauke, sa'an nan mu riƙa sakin iska sannu a hankali, kamar milimita 2 kowace daƙiƙa, ido a kan ƙirjinsa. Da fari za mu ji bugu lokacin fitar numfashi kaɗai. Mu riƙe adadin. Mu ci gaba da saki har bugun ya daina yankewa; mu riƙe wannan ma. Misali, 118 da 98: tazarar 20 ke nan.

Gaggawa ce takan ɓoye mana shi, kuma na'urar da ke awo da kanta ba ta nuna shi ko kaɗan. In mun sami tazarar da ta wuce 10, musamman ga jijiyoyin wuya sun kumbura, jini kuma yana sauka, mu rubuta adadin biyu, mu kira likita nan take, kada mu jira zagayen safe, domin mai yiwuwa sai an zuƙe ruwan da allura a daren.