Katin Mai Caji: Bayani Kan Kukis Na Intanet

Jawabin da wani ɗalibi ya yi a taron ɗalibai da matasan ma'aikata, lokacin hutu, a Nasarawa Burkullu



Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kansa, sai na zaɓi wani abu ƙarami ƙwarai, wanda kusan kowa a nan ya taɓa amincewa da shi ba tare da ya san abin da ya amince da shi ba. Ina nufin ɗan akwatin nan da kan tare wa mutum fuska in ya buɗe shafin intanet, da rubutun Turanci a ciki, ana neman ya yarda da kukis. Yawancinmu mukan danna mu wuce, kamar mai sa hannu a takardar ofis bai karanta ba. Kalmar, a Turance, sunan wani irin biskit ne, amma kada wannan ya ruɗe mu, babu abin ci a cikin maganar.

Bari in fara da abin da muka sani. Duk wanda ya taɓa kai waya wurin mai caji a kasuwa ya san yadda ake yi. Ga wayoyi nan jibge a gabansa, ba shi yiwuwa ya riƙe fuskar kowa. Saboda haka sai ya manna lamba a bayan wayarka, ya ba ka ɗan kati mai wannan lamba. In ka dawo, ba ya tambayar sunanka balle na mahaifinka, katin yake dubawa. Wanda ya kawo kati shi ke da waya, ko da kuwa tsintarsa ya yi a hanya.

To, shafin intanet ya fi mai caji mantuwa. Yadda aka tsara shi tun farko, kowace dannawa da ka yi sabon baƙo kake a wurinsa, ko da yanzun nan ka gama gaya masa ko kai wane ne. Wani injiniya na kamfanin Netscape a Amurka, mai suna Lou Montulli, shi ya fito da maganin wannan a 1994, domin shagon intanet ya iya tuna abin da mai saye ya zuba a kwandonsa. Dabarar ita ce, shafin ya miƙa wa burauza, watau manhajar da muke buɗe shafuka da ita kamar Chrome ko Firefox ko Opera, wani ɗan guntun rubutu wanda bai wuce kimanin haruffa 4,000 ba, galibi ma doguwar lamba ce kawai. Burauza ta ajiye shi a cikin waya ko kwamfuta, kuma duk sa'ad da aka koma wannan shafi sai ta nuna shi. Wannan guntun rubutu shi ne kuki. Shi ne katin mai caji.

Ba cuta ba ce da ke shiga kwamfuta, ba ya kuma iya karanta hotuna ko saƙonnin da ke cikin waya. Amfaninsa kuwa a fili yake. Ba don shi ba, da ɗalibin da ke cika takardar rajista a shafin jami'a sai ya sake rubuta kalmar sirrinsa a kowane mataki. Waɗansu kukis kan mutu da an rufe burauza, waɗansu kuwa an rubuta musu wa'adin watanni, har shekara da ɗoriya.

Inda maganar ta fara ɓaci shi ne da 'yan talla suka shigo. Ku ɗauka akwai wani mutum da ya kafa benci a gefen mai caji, yana da wani a gefen mai shayi, da wani a bakin kemis, da wani a tasha. Ran da ka fara wucewa ya saka maka nasa katin a aljihu, ba ka ko lura ba. Daga nan duk inda ka tsaya cikin wuraren nan yana rubutawa: mai lamba kaza ya sayi maganin kaza, ya tambayi kuɗin mota zuwa Gummi, ya daɗe yana duban takalmi. Bai san sunanka ba tukuna, amma ya san halinka, kuma halin nan shi yake sayarwa. Haka kamfanonin talla ke yi, domin suna da ɗan gurbi a cikin dubban shafuka. Shi ya sa in ka duba farashin waya sau ɗaya, tallan waya ya dinga binka kamar kuda har mako ya zagayo.

Ƙasashen Turai su suka fara tsawatarwa. A 2009 Tarayyar Turai ta gyara dokarta, ta ce sai an nemi iznin mutum kafin a ajiye masa kukin da ba na dole ba ne, sa'an nan babbar dokarsu ta kare bayanan mutane ta fara aiki ran 25 ga Mayu, 2018. Asalin akwatunan nan da ke damunmu ke nan. Kamfanoni kuma suka yi wayo, suka sa maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuwa suka ɓoye shi can ciki. A kan wannan ne hukumar Faransa ta sanar a watan Janairu na 2022 cewa ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60. A nan gida, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, kuma a watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar doka wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Masu burauza ma sun motsa: Firefox ta fara toshe kukis na masu bin sawu a 2019, Safari ta rufe musu ƙofa a 2020. Google ta yi alkawarin yin haka a Chrome a 2020, ta yi ta ɗagawa, daga baya a 2024 ta janye. Ba abin mamaki ba ne, tun da talla ce abincinta.

Amma jama'a, a ganina duk wannan damuwar mai waya tasa ta kansa ce, da kwamfuta tasa ta kansa, da ɗaki mai makulli. Mu nan hatsarin da ya fi kusa da mu ba ɗan talla na Amurka ba ne. Mu mutane ne masu aron waya. Waya guda kan zagaya gida, daga wa zuwa ƙane zuwa ƙanwa. Rajistar JAMB, da duba sakamakon jarrabawa, da neman gurbin karatu, da rajistar yi wa ƙasa hidima, yawancinmu a shagon kwamfuta muka yi su, a kan na'urar da wani ya tashi muka zauna, muka tashi wani ya zauna. Yayyenmu ma'aikata sun san ofishin da kwamfuta ɗaya ce tak, kowa da ita yake aiki. Kuma ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, mutane suka riƙa ƙetarawa jihohin maƙwabta don su aika saƙo, da yawa a kan na'urar da ba tasu ba.

Abin da ya same ni zan faɗa, ko da yake da kunya. Shekarata ta farko a jami'a na shiga wani shagon kwamfuta in buga takarda. Kafin a gama sai na leƙa shafina na sada zumunta, aka kira ni, na rufe tagar na tashi. A zatona rufe taga fita ce. Ashe na bar katina a kan tebur. Bayan kwana biyu sai ga kiran gwaggona, hankalinta a tashe, tana tambaya wane asibiti aka kwantar da ni. Wanda ya zauna bayana bai san kalmar sirrina ba, bai kuma bukace ta ba. Kukin da ke cikin kwamfutar ya shaida wa shafin cewa ni ne, sai ya bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya da saƙon neman taimako da sunana. Allah Ya kiyaye, ita kira ta fara yi. Wani ɗan'uwan kuwa ya riga ya tura, kuma har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, bisa ga muhimmancinsa. In ka shiga wani shafi da kalmar sirri a kan na'urar da ba taka ba, nemi maɓallin fita na shafin kansa ka danna kafin ka tashi. Wannan shi ke sa shafin ya yaga katin, ya zama ko an tsince shi ba shi da amfani. Abin da ya fi ma, tun farko ka buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, domin ita takan zubar da kukis ɗinta da zarar an rufe dukkan tagogin sirrin. A kwamfuta sai a danna Ctrl da Shift da N tare. A waya kuwa tana cikin ɗigo ukun nan na saman kusurwa. In an manta, a danna Ctrl da Shift da Delete, sai wurin share bayanai ya fito, a zaɓi kukis, a zaɓi dukkan lokaci, a share. Haka nan in burauza ta tambaya ko ta adana maka kalmar sirri, a kan na'urar wani amsar a'a ce kullum. Wannan ba kuki ba ne, ya ma fi shi muni, domin makullin ne kansa ka bari.

A kan wayarka ta kanka, ba na ganin hikimar share kukis kowace safiya, sai dai ka wahalar da kanka da sake shiga ko'ina. Ya isa ka shiga saitin burauza, sashen sirri da tsaro, ka toshe kukis na ɓangare na uku, watau na mai bencin nan. In akwatin ya fito, ka duba maɓallin ƙi, ko wanda ya ce a bar na dole kaɗai. Yawancin shafuka za su yi aiki lafiya lau. Ka kuma sa wa wayar makulli kafin ka miƙa ta wurin caji ko wurin gyara.

Sai dai kada a ɗora wa tagar sirri abin da ba ta iyawa. Ba ta ɓoye ka daga kamfanin layinka, ko daga mai shagon in ya sa manhajar da ke ɗaukar abin da ake rubutawa, don haka harkar banki a bar ta a kan wayar kai. Kuma share kukis ba ya hana kamfanoni gane waya ta waɗansu alamu nata, kamar irinta da girman fuskarta.

Saura magana ɗaya, wadda halin hanyoyinmu ya sa dole a yi ta. In waya ta faɗi, ko an karɓe ta, katunanka duka suna cikinta, kuma ba ka da ikon share su. Abin yi shi ne ka sami wata na'ura da gaggawa, ka shiga imel ɗinka da shafukanka, ka sauya kalmar sirri, sa'an nan ka nemi wurin da ke nuna na'urorin da ke cikin asusunka, ka fitar da ita. Google da Facebook duk suna da wannan wuri a sashen tsaro. Ka kuma je a rufe layin, domin ta kansa ake aiko lambobin banki. Ya kamata mutum ya san inda wurin nan yake tun wayar tana hannunsa, ba sai ranar da hankali ya tashi ba.

Wanda ke son a duba tare, ya tsaya bayan an tashi, ni da abokaina biyu muna nan bakin ƙofa. Sharaɗi ɗaya ne: kowa shi zai rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, mu kuwa mu kau da kai.