Zato Da Hujja: Yadda Likita John Snow Ya Bi Sawun Kwalara



An nemi in yi magana a kan hanyar da masana kimiyya ke bi wajen gudanar da bincike. Na san ɗalibanmu sun haddace matakan kamar karatun allo: a lura, a yi tambaya, a kawo hasashe, a gwada, a yanke hukunci. Hadda ba laifi ba ce, sai dai takan ɓoye wurin da aikin ya fi wuya, watau inda mai bincike zai fita da ƙafarsa neman abin da zai rushe zatonsa na kansa. Saboda haka zan ɗauki mutum guda, mu ga yadda ya bi waɗannan matakai a lokacin da jama'a ke mutuwa a gabansa.

Sunan mutumin John Snow, likita ne a birnin Landan na ƙasar Ingila. A zamaninsa yawancin likitoci sun yi imani cewa kwalara, ciwon nan na amai da gudawa, daga gurɓatacciyar iska take fitowa, irin mai tashi daga juji da kwatami. Kada mu yi musu dariya, domin suna da hujjarsu. William Farr, wanda ke kula da lissafin mace-mace a ofishin rajista na gwamnati, ya bi alƙaluman annobar 1849 ya ga cewa unguwannin da ke kwari kusa da kogin Thames sun fi na kan tudu yawan mamata. Unguwannin kwarin nan kuwa su suka fi ɗoyi.

Shi Snow sai ya tsaya a kan wata tambaya: in iska ce ke kawo ciwon, me ya sa yake farawa a ciki, ba a huhu ba? A 1849 ya buga ɗan littafi yana cewa abin da ke jawo kwalara haɗiye shi ake yi, yana fita cikin bayan-gidan majiyyaci, ya shiga ruwan sha, ya kama wani. To, ku lura da matsalar. Lissafin Farr ya dace da zatonsa, ya kuma dace da na Snow, domin mutanen kwari, ban da shaƙar ɗoyi, su ne ke shan ruwan kogi mafi ƙazanta. Hujjar da ta goyi bayan ɓangarori biyu ba ta raba gardama. Abin da ake bukata shi ne mutanen da iskarsu ɗaya amma ruwansu dabam, ko kuwa ruwansu ɗaya iskarsu dabam.

Ranar 31 ga Agusta, 1854, annoba ta ɓarke a unguwar Soho. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. Snow ya zargi famfon rijiyar da ke Titin Broad. Ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wani abin a zo a gani ba. Sai ya tafi ofishin rajista ya karɓo sunayen mamata 83 na kwanakin farko, ya bi gida-gida. Ya tarar galibinsu famfon nan ne mafi kusa da gidajensu. Goma ne kaɗai suka fi kusa da wani famfo, kuma waɗannan goman su ya fi matsa wa lamba, don su ne za su iya ƙaryata shi. A gida biyar aka ce masa ai ruwan Titin Broad suke aikawa a ɗebo, don ya fi musu daɗi. Uku kuwa yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon.

Daga nan ya juya ga waɗanda ya kamata a ce sun mutu amma suka tsira. Akwai gidan gajiyayyu a Titin Poland mai mutum 535, annoba ta kewaye shi, amma biyar ne suka mutu. Ashe suna da rijiyarsu. Akwai wurin yin giya a kan Titin Broad ɗin kansa, ma'aikata sun haura 70, ba wanda ya mutu, domin ba sa shan ruwan famfon. Sannan ga wata mata da mijinta ya rasu, tana zaune can Hampstead, nesa da Soho da ɗoyinta, inda ba kwalara. Saboda son ɗanɗanon ruwan tsohuwar unguwarta, kullum akan kai mata shi a keken doki. Ta sha, ta mutu. Wata 'yar'uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha, ta koma gida Islington, ita ma ta mutu.

Ranar 7 ga Satumba ya gana da hukumar unguwar, kashegari aka cire hannun famfon. Masu ba da labari sukan ce nan take annoba ta tsaya. Snow bai faɗi haka ba. Ya rubuta cewa ciwon ya riga ya fara lafawa tun kafin a cire hannun, don mutane da yawa sun gudu daga unguwar. A ganina wannan shi ne abin da ya fi ɗaga darajarsa: ga hujja mai daɗin ji ta zo masa har gida, ya ƙi karɓa domin ba ta da ƙarfi.

Hujjarsa mai ƙarfi tana kudancin birnin. Can kamfanoni biyu ke sayar da ruwan famfo, bututunsu na bin tituna ɗaya, har a sami maƙwabta biyu kowa da nasa kamfani. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa sama da birni a 1852, shi kuwa na Southwark da Vauxhall ya ci gaba da ɗiba inda ƙazantar gari ke kwarara. Iska ɗaya, talauci ɗaya, ruwa dabam. 'Yan haya da yawa ba su san kamfanin gidansu ba, sai ya riƙa auna gishirin da ke cikin ruwan, don na kamfani na biyu ya fi gishiri nesa. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 na kamfanin Southwark da Vauxhall mutum 315 suka mutu. Na Lambeth kuwa 37.

Saura mataki guda wanda ba ya cikin haddar ɗalibai, watau a miƙa aikin ga abokin gardama. Wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya shiga bincike da niyyar ƙaryata Snow, ya ƙare da gaskata shi. Shi ne ma ya gano wata jaririya a gida mai lamba 40 da ta kamu kafin kowa, ana wanke tsummokaranta ana zuba ruwan a masai wanda tsakaninsa da rijiyar bai kai mita guda ba.

Duk da haka kwamitin hukumar lafiya ya ƙi amincewa. Snow ya mutu a 1858. Sai bayan annobar 1866 Farr ya bi lissafinsa ya yarda ruwa ne. Ƙwayar cutar kuwa, Filippo Pacini ya gan ta a Italiya tun 1854 ba a kula shi ba, sai da Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta yi mana ɓarna a 1971, tana kuma dawowa. Duk ɗalibin da aka tura unguwar da ta ɓulla, to, kada ya tsaya ga zana taswirar gidajen da ke kusa da rijiya. Masu garuwa suna kai ruwa nesa, kamar yadda keken dokin nan ya kai shi Hampstead. Ya tambayi kowane gida wa ke kawo musu ruwa, daga ina, ya kuma shiga gidajen da ba wanda ya kwanta ya yi musu wannan tambaya.