Man shafawa mai tsada: mi muke saye da kuɗinmu?

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyena da ƙannena matan Horo Birni, barkanmu da zagayowar wagga rana. An ce in yi magana kan tattalin kuɗi, ni ko na zaɓi man shafawa, don kuɗin adashenmu da yawa can yake zurarewa.

Kun san yadda abin yake. Yarinya ta ga 'yar fim a TikTok, fuska sumul, riƙe da 'yar kwalba, ta ce ita ma sai shi. Har Amurka haka ne: mawaƙiya Rihanna ta fito da nata, Fenty Skin, a 2020. Sai a ce muna araha ba ta ado. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Mu duba mi ke cikin kwalbar.

Albarkacin ajin yaƙi da jahilci, yanzu ina juya kwalba in karanta bayanta, inda ya cije ɗiyata ta kama min. Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki, kuma galibi ruwa ne. Sai gilisarin, sai wani mai, sai turare. Ban da turaren, aikinsu guda ne: su riƙe danshi kada fata ta bushe. Basilin na wanga aiki, man kaɗanyar kakanninmu ma haka. In kika shafa da kin fito wanka, jiki da sauran lema, kaushi da fason hunturu za su yi sauƙi. Ragowar kuɗin na kwalba ne, da talla, da ladan mai suna. Ita kuwa mai sunan, akwai hasken kyamara da kwalliya da hutu a fuskarta, ba ta yini a rana cikin kasuwar Bodinga.

Mu yi lissafi irin namu. A ce kwalba naira 20,000, ta ƙare a wata biyu. Shekara guda 120,000 ke nan. Jarin ƙuli-ƙuli ne wannan, ko tunkiyar kiwo.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne haɗi, wanda ake ɗurawa a roba ba takarda, ba lambar NAFDAC, a ce miki kwana bakwai kin yi haske. Kyan ɗan maciji ne. A Fabrairun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Wasu mayukan akwai makuri a ciki, mai lalata ƙoda. Wasu akwai maganin da ke sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Ku tuna mace na iya bukatar tiyata wurin haihuwa. Wasu ma jarirai suke shafa wa, Allah ya kiyaye.

Roƙona uku ne. Kada mu ci bashin ƙungiya don mai. Mu da ke sayarwa, kada mu ɗora abin da ba lamba a teburinmu, ko da riba ta kai riba. In ƙuraje ko ƙyasbi suka dame ki, asibiti za ki, a Shagari ko Sakkwato.

Iyayen amare, ku ja kunnen masu gyaran jiki, ku tambayi abin da suke haɗawa. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya maimaita muna.