Littattafan Hannu da Ruwan Haɗeja

A shekarar 2021 an yi gwanjon wani littafin addu'o'i na Yahudawa a birnin New York, wanda aka rubuta da hannu cikin harshen Ibrananci shekaru kusan ɗari bakwai da suka wuce, ana karanta shi a ibadar sabuwar shekararsu. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 8.

Da na ji labarin, sai hankalina ya koma Haɗeja. Mu ma muna da irin wannan dukiya. Gwani zai fiƙe alƙalamin kara, ya dama tawada, ya rubuce Alƙur'ani da ka, wasulla da ja, sannan a yi masa zayyana a sa a gafaka. Haka ake rubuta Dala'ilul Khairati da Ishiriniya.

To, ina suke ajiye? Da yawa suna cikin ɗakunan ƙasa, a bakin kogin da ya yi ambaliya a 2020 da 2022. Tawadarmu kuwa ba ta shiri da ruwa, littafin da ya tsira kuma gara na jiransa.

Magada, don Allah ku ɗaga littattafan nan sama, ku ɗauki hoton kowane shafi kafin damina ta kankama.