Gonar Baba da Gonar Littafi: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan noma sai na yi dariya, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya ya san ni ne sarkin zille wa aikin gonar makaranta. Yau ma ma'aikacin gwamnati ne ni, fayil nake juyawa, ba fartanya ba. Amma akwai wata ɓarna da na yi wa mahaifina da sunan ilmi, ita nake so in ba ku labari, ko wani zai shafa wa gemunsa ruwa.

Gonar Baba, kamar ta iyayen yawancinmu, gona ce mai tarkace. Ga gero, ga dawa kaura, ga wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu, ga kuɓewa da yakuwa a gefe, ga gawo biyu da ɗorawa a tsakiya. A littafin aikin gona kuwa hoton da muka haddace daban ne: masara zalla, layi a miƙe, babu ko itace ɗaya. Malamanmu sun koya mana amfanin haɗa shuka, ba zan yi musu ƙarya a gabansu ba, amma hoton ne ya zauna mana a kai.

A 2016, bayan na kama aiki, na ci bashi a ƙungiyar ma'aikata, na je gida na dage sai an yi noman zamani. Aka sare gawon nan biyu da ɗorawar don tarakta ta sami hanya, aka zuba masara daga wannan iyaka zuwa waccan. Baba bai yi gardama ba, cewa kawai ya yi, "To, ɗan boko, idan masarar ta ƙi, me za mu ci?" Shekarar farko ta yi kyau, har na riƙa tafiya ina buɗa kafaɗa. A daminar 2017 sai ga tsutsar nan 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Ta shige cikin zuciyar masara, na yi feshi har sau uku a banza. Maƙwabcinmu da ya bar gonarsa yadda ya gada ya yi asarar 'yar masararsa, amma ya ɗaure dammunan gero, ya roro wake, ya sayar da harawa. Mu kuwa daga albashina aka riƙa awo, ga bashi ana cira duk wata.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗin ba ne. Irin kaurar da ake warewa a gidanmu tun zamanin kakanmu, ana zaɓen zangarniya mafi kyau a rataye, shekara biyu ba a shuka shi ba, aka daka aka yi tuwo. Sai a 2019 muka samo tiya ɗaya a wurin wata gwaggonmu a ƙauye. Da ta riga mu gidan gaskiya, shi ke nan.

Daga baya ne na karanta cewa tambayar Baba masana sun daɗe da amsa ta. A shekarun 1960 wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da ke Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin manoma a ƙauyukan kewayen Zariya. Ya tarar yawancin gonakinsu haɗin gambiza ne, kuma a lissafi haɗin ya fi shuka guda kawo riba a kowace eka, ya kuma fi ta tabbas idan shekara ta zo da gardama. Dalilan a fili suke. Gero kan nuna da wuri ya kashe yunwar damina, dawa ta biyo baya. Saiwar wake kan ƙara wa ƙasa ƙarfi. Gawo kuwa, ikon Allah, da damina yake kaɗe ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Takin kyauta na biya kuɗi aka sare, sannan na koma ina sayen na buhu, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022.

Ba ni kaɗai na taka wannan sawu ba. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, ta ƙarasa dalar gyadar Kano da dama ta fara zaizayewa. A 2016 ƙwaron da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ya share fadamun Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, inda gidaje da yawa ba su da wata madogara sai ita. 'Yan'uwanmu na Maraɗi kuwa tun daga 1983 suka koma barin kututture ya sake toho a gona suna yi masa sassabe, kuma an ƙiyasta itatuwan da suka dawo a Nijar ta wannan hanya sun kai miliyan 200.

Bari in ɗan fita daga gona. A ɗakin kwananmu akwai mai jin Fulatanci, akwai Bagwari, akwai Bakurame, kuma mun sha yi musu dariya idan 'yan'uwansu sun kawo ziyara suna yarensu. Ɗazu na tambayi biyu daga cikinsu ko 'ya'yansu na jin harshen kakanninsu, duk suka girgiza kai. A wannan gonar mu Hausawa ne masarar. Harshen Auyokawa na ƙasar Auyo a Jihar Jigawa ya mutu, haka na Ajawa a Jihar Bauchi, jikokinsu Hausa suke yi. Ba na baƙin ciki da bunƙasar Hausa, da ita nake yi muku magana, amma harshe ba shi da gwaggon da za a je a samo tiya ɗaya a wurinta.

Ga roƙona. Gonar makaranta tana nan bayan ɗakunan kwana, na leƙa da safe, rabinta saura ce. Ina ba da shawara ƙungiya ta nemi izinin Shugaban makaranta a ware eka ɗaya. Kowannenmu idan ya je gida ya karɓo mudu ɗaya na tsohon irin garinsu: maiwa, dauro, acca, gurjiya, riɗi, kanannado, duk abin da ya samu, a rubuta sunansa da harshen masu shi. A dasa gawo, ɗorawa, kaɗanya da tsamiya a iyaka, kada a cika wurin da darbejiya da turare kamar yadda aka saba. Ɗaliban ajin aikin gona su kula da ita, su ware iri duk kaka. Ni na ɗauki nauyin shinge, kuma kaurar gwaggo tana cikin but ɗin motata. Wanda zai kawo iri ya ba Sakatare sunansa kafin a tashi cin abinci, domin mu haɗa kafin ruwan farko.