Taba da Gishiri da Tsawon Kwana

Kowa ya sani ajali a hannun Allah yake. Amma sanin haka bai kamata ya hana magidanci duba abin da yake ɗura wa jikinsa kullum ba, domin yawancin cututtukan da ke kayar da manya tun ƙarfinsu bai ƙare ba a hankali suke ginuwa, shekara da shekaru.

Babbar shaida a kan wannan ta fito ne daga likitoci kansu. A cikin 1951 wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bin lafiyar likitocin ƙasar, maza fiye da 34,000, aka yi ta binsu har shekara 50. Da aka bayyana sakamako a 2004, sai aka ga waɗanda suka rayu suna shan sigari sun riga marasa sha mutuwa da kimanin shekara 10. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya tsira da kusan dukan shekarun nan. Mai 40 ya sami 9, mai 50 ya sami 6, mai 60 ma ya sami 3. Watau dattijon da ke cewa ai bakin alƙalami ya riga ya bushe, ba shi da hujja. Tun 2015 dokar Nijeriya ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba.

Gishiri kuwa ya fi taba ɓoye kansa, tun da ba mai ganin laifinsa. In ya yi yawa sai jiki ya riƙe ruwa, jini ya riƙa matsa wa jijiyoyi, daga nan sai hawan jini, wanda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan. A cikin lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi da burodi. Uwargida da ta jefa dunƙule uku a tukunya, sa'an nan ta bi da gishiri, ta yi abu biyu ne a wurin ɗaya.

Hawan jini galibi ba ya nuna alama, saboda haka lalle kowane babba ya riƙa zuwa awo ko yana jin garau. In awo ya yi ta kaiwa 140 bisa 90, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina sha don ya ji sauƙi, sai in likita ne ya ce.